Miyar Mutanen Teksas

Ran Asabar muka gwada wata miya ta mutanen Teksas, can Amurka, wadda suke kira cili. Tun 1977 majalisarsu ta mai da ita abincin jiharsu. Muka yanka naman sa ƙanana, muka soya da kitsensa, muka niƙa busasshen barkono da tafarnuwa muka zuba, muka rage wuta har awa 3.

Ta kusa nuna ke nan sai baƙi huɗu suka yi sallama. Uwargida ta ce, "Malam, ga dafaffen wake, a zuba ta yi auki." To, ku 'yan makaranta, wurin mutanen Teksas in wake ya shiga, sunan cili ya fita. Muka ƙi. Kowa ya tashi da ludayi guda, uwargida kuwa har yau tana yi mana gori.