Mai Goyo da Mai Keke a Ƙofar Bas

Mu 'yan Hausari, tun da aka hana acaɓa a Maiduguri a 2011, Keke Napep da bas ne ƙafarmu. In za mu Monday Market ko Kwastam, a mota ɗaya muke cakuɗuwa: ɗan kasuwa, ɗalibi, mai goyo, mai keken guragu. Garin nan kuwa yana da masu keke da yawa. Wasu shan inna ce, wasu bam ne ya raba su da ƙafa.

Fili ɗaya ne a bakin ƙofa, mai goyo na so, mai keke na so. Wa za a ba? A Ingila sai da irin wannan ta kai kotun ƙoli a 2017, bayan wata uwa ta ƙi matsar da keken jaririnta. Mu nan majanyi ne keken jariri. Uwa na iya kwance goyo ta ɗora a cinya, in ta samu kujera. Shi kuwa kekensa ne ƙafarsa, ba ya barin sa a tasha.

To, bakin ƙofa nasa ne; dokar masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019 ma ta hana a nuna masa wariya. Kujerar uwa kuma daga wurinmu masu lafiya za ta fito. "Hajiya, zo ki zauna nan." "Direba, dakata a ɗaga wa Malam kekensa." In ba wanda ya tashi, mota za ta wuce ta bar mutum ɗaya cikin rana, kuma yawanci mai keken ne.