Ƙugu ko wuyan hannu: gardamar da ta ƙi ƙarewa a filin golf

Masu koyar da golf sun kasu gida biyu tun kafin a haife ni. Wasu na cewa jiki ne ke buga ƙwallo, hannu rakiya kawai yake yi. Wasu na cewa a'a, sanda a hannu take, wuyan hannu ne ke juya fuskarta, don haka shi ne maigida. Na san wasunku za su ce me ya haɗa Bahaushe da golf, wasan da ko a Yamai sai ka yi tambaya kafin a nuna maka hanyar filinsa. Ku yi mini haƙuri yau. Shekaruna sun haura hamsin, bayana ya soma yi mini ƙorafi, kuma amsar wannan gardama ce za ta nuna ko ina da sauran shekaru a wasan nan, ko kuwa baɗi war haka na jingine sanduna a bayan ƙyaure.

Duk wanda ya taɓa korar tsuntsaye a gonar hatsi da majaujawa ya riga ya san rabin karatun. Ba ƙarfin yatsu ke kai dutse nesa ba. Jiki ke juyawa, hannu ya biyo, igiya ta biyo hannu, abin da ke can ƙarshe shi ya fi kowa gudu. A 1968 wasu ƴan Birtaniya biyu, Alastair Cochran da John Stobbs, sun fitar da littafi bayan an ɗauki hotunan ƙwararru da kyamara mai saurin gaske. Sun kwatanta bugun golf da lilo biyu a haɗe: hannu daga kafaɗa lilo ne, sanda daga wuyan hannu lilo na biyu, wuyan hannu kuwa shi ne mahaɗarsu. Daga baya aka riƙa ɗaura wa ƴan wasa na'urori a jiki, aka ga jerin a fili. Ƙugu ke fara dawowa, sai ƙirji, sai hannu, sai sanda. Kowane yana rage gudu daidai lokacin da ya miƙa wa na gabansa, kamar bulala, wadda sai mariƙinta ya tsaya sannan bakinta ya yi ƙara.

Daga ƙolin ɗaga sanda zuwa taɓa ƙwallo bai kai sulusin sakan ba. Kan sandar ƙwararre yana isowa da gudun kilomita 180 a awa ko fiye, kuma haɗuwarsa da ƙwallo ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Babu ɗan Adam da zai iya cewa "bari in gyara wuyan hannuna yanzu" a cikin wannan ƙiftawa. Kafin saƙo ya taso daga kai ya iso hannu, ƙwallo ta yi gaba. Nan ne masu cewa jiki ke da gaskiya.

A filin da muke bugawa a bayan garin Yamai babu ciyawa. Ƙasa ce mai tauri da tsakuwa, kowa yana yawo da ɗan kafet ɗinsa yana ɗora ƙwallo a kai, kewayen rami kuma yashi ne da ake sharewa. Irin wannan ƙasa ba ta rufa wa kowa asiri. A ciyawa mai laushi, wanda ya karya wuyan hannu da wuri don ya kwaso ƙwallo sama kamar mai ɗibar miya da ludayi, sandarsa na iya zamewa ta taimake shi. A wurinmu sanda ta bugi ƙasa kafin ƙwallo, sai ta yi tsalle ta sari ƙwallo a ciki, ka ji zafin har haƙori.

Yaran da ke ɗaukar mana jaka sun fi yawancinmu iya wasan, wannan ba boyayyen abu ba ne. Akwai wani siriri a cikinsu, da ka gan shi ka ce iskar hunturu za ta ɗauke shi, amma da tsohuwar sanda guda da wani Bature ya bar masa yake wuce mu da mita talatin. Wata asabar na ce masa, "Kai yaro, wuyan hannun nan naka, yaushe kake sakinsa?" Ya dube ni ya dubi hannunsa, ya ce, "Wallahi Baba ban san ina sakin komai ba. Ni dai ina juya cikina ya kalli tuta, sanda ta zo da kanta." Bai taɓa kallon bidiyon koyarwa ba. Ya koya ne a ƙasar da ke hukunta mai kwasa nan take.

Amma da maganar ta tsaya nan, da ban rubuta komai ba. Juya jiki yana ba da ƙarfi, ba ya nuna wa ƙwallo hanya. Na'urorin auna tashin ƙwallo sun nuna cewa inda fuskar sanda ta kalla lokacin haɗuwa shi ke yanke mafi yawan inda ƙwallo za ta nufa. Lissafi ne mai sauƙi: karkatar digiri 1 a tazarar mita 200 ta kai kusan mita 3 da rabi, tun kafin ƙwallo ta fara lanƙwasa a iska. Fuskar nan kuwa bayan hannun hagu ne ke riƙe da ita, ga mai bugu da dama. In wuyan hannun ya karye baya, kamar mai tare rana da tafi, fuska ta buɗe, ƙwallo ta lanƙwasa dama. In ya tanƙwara ciki, fuska ta rufe. Mutum ya juya ƙugu iya son ransa, in fuska a buɗe take, daɗa juyawa daɗa shiga daji.

Labarin Ben Hogan ya kamata kowane sabon shiga ya ji kafin ya buɗe littafinsa na 1957, wanda har yau ake sayarwa. Hogan ya yi shekaru yana fama da ƙwallo mai lanƙwasa hagu da tsiya. Maganin da ya samo shi ne ya sauya yadda yake ɗora hannu a kan sanda, ya ɗan karya wuyan hannun hagu baya a ƙoli, don fuska ta ƙi rufewa. Ya yi masa aiki, ya ci manyan gasa 9. To amma ciwon yawancin ƴan koyo kishiyar nasa ne, tasu ƙwallon dama take gudu. Sai ga mai zawo yana shan maganin mai taurin ciki, yana mamakin abin da ya sa bai warke ba.

A ɗaya gefen ga Jon Rahm ɗan Sifaniya, wanda ya ci gasar US Open a 2021 da Masters a 2023. An haife shi da ƙafar dama a murɗe, aka gyara ta yana jariri, idon sawun bai taɓa samun cikakken motsi ba. Shi ya sa ba ya kai sanda can baya. Yana tanƙwara wuyan hannun hagu ciki tun a sama, fuska ta riga ta rufe, abin da ya rage masa ya juya jiki da ƙarfi. Dustin Johnson na Amurka ma haka wuyan hannunsa yake, har ya fi. Hogan da Rahm sun saɓa a kan wuyan hannu kamar gabas da yamma, amma kowannensu ya zaɓi yanayin da ya dace da juyin jikinsa, kuma ya gama zaɓin tun kafin sanda ta fara saukowa. A ganina ainihin amsar ke nan. Ana shirya wuyan hannu a riƙo da ɗagawa, lokacin da akwai sarari. Daga nan a ƙyale shi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne wata koyarwa da ta cika YouTube. A 1992 wani malamin golf, Jim McLean, ya yi rubutu a wata mujallar Amurka cewa masu dogon bugu suna da babban rata tsakanin juyin kafaɗa da na ƙugu. Abin lura ne mai kyau. Amma masu kwaikwayo sun mai da shi doka: ka kafe ƙugu, ka danne dunduniyar hagu a ƙasa, ka murɗe kafaɗu har digiri 90 kamar mai matse wanki. Ƙashin baya na ƙasa ba a halicce shi don murɗawa ba, ɗan abin da yake iya juyawa kaɗan ne ƙwarai. Juyi aikin gaɓar ƙugu ne da bayan ƙirji. In ka hana ƙugu rabonsa, wani wuri ne zai biya. Ba ni da ikon cewa abin da ya kai Tiger Woods ga tiyatar haɗe ƙashin baya a 2017 ke nan, ciwonsa na da tushe da yawa. Amma ina duban waɗanda suka daɗe. Sam Snead yana ɗaga dunduniya, ƙugunsa na juyawa a sake, ya ci gasar ƙwararru a 1965 yana da shekara 52. Jack Nicklaus, mai manyan kofuna 18, dunduniyarsa a sama take. Phil Mickelson, mai dogon ɗagawa da sakakken ƙugu, ya ci PGA a 2021 yana ɗan 50.

Wani abokin wasanmu, ɗan kasuwa daga Maraɗi, ya yi wata uku yana bin wannan koyarwa ta kafe ƙugu a wayarsa. Ya samu ƙarin mita goma, ya yi ta yi mana dariya. Yanzu a kujera yake sallah, jakarsa na cikin but ɗin mota tun ƙaramar salla.

Ni dunduniyata tana tashi, kuma ba na jin kunya. Ina duba bayan hannuna na hagu sau ɗaya, a ƙoli, in ga ya miƙe daidai da damtse, ba karye ba tanƙwara. Riƙona sassauƙa ne, yadda mai saran itace ke riƙe ƙotar gatari ya bar nauyin ƙarfe ya faɗi da kansa. Lokacin hunturu, in iskar gabas ta taso da ƙura muna fuskantarta, nakan matso da ƙwallo kusa da ƙafar dama, in rage ɗagawa, in ɗauki sandar da ta fi tsawo da lamba ɗaya ko biyu, hannu na gaba kan sanda na biye, ƙwallo ta tafi ƙasa-ƙasa ta ƙarasa sauran tafiyar da gangare a kan tsakuwa.