Mazarin Kaka

Jiya da la'asar na tarar da Kaka a gindin dogon yaro a gidanmu na Diffa, ta miƙe ƙafa a tabarma tana kaɗi. Na zauna kusa da ita har aka kira magariba.

Ta dangwali alli da yatsu biyu, ta murza mazari a cikin ɗan ƙoƙo, gululu na juyawa, hannun hagu ya ɗaga sutu sama, zare na zubowa siriri. In ya tsinke ko kallo ba ta yi, sai ta haɗa bakin ta murza. Allin nan ƙashi ne aka ƙona. Kafin a kai ga wannan zama kuwa sai an gurje auduga a magurji an fid da angurya, an shiɓe ta da baka har ta yi laushi.

Mazarin yana cikin 'yan kayan da ta ƙulle a zane a 2015, shekarar da Boko Haram ta kawo hari Diffa da Boso, muka baro ƙauyenmu na bakin Komadugu wajen Geskeru. A can tana da 'yan kafofin audugarta a gefen gonar tattasai. A nan sai wanda ya tuna ya kawo mata tsaraba.

Yana ƙona min rai in ji ana cewa 'yan matan yanzu ƙyuya ce ta hana su kaɗi. Da wace audugar? Wa zai saƙa? A ƙasar Barno zare kuɗi ne a da. Lokacin da Baturen nan Barth ya sauka Kukawa a 1851, gabaga, wato ƙyallen saƙi, tana cikin abin da ake ciniki da shi a kasuwa. Mace na kaɗi ne don ta san masaƙi na jira. Yadin kanti ya kori masaƙa, gudun hijira ya raba mu da gona.

Na ce, "Kaka, me za ki yi da zaren nan?"

Ta buɗe kwano, dunƙule tara, farare tas. "Likkafanina nake tarawa, maigida. Da farin saƙi aka suturta uwata."

Don Allah, wanda ya san masaƙin da har yanzu yake aiki, a Maine-Sorowa ko Damagaram, ya sanar da ni. Zan kai zaren da kaina.