Hajiya ta nemi maganin barci, ashe ni ce ciwon

Mai karatu, wannan shafin da kake karantawa da dare nake rubuta shi, bayan na rufe kantin magani na kwantar da yara. Kibod ɗin da nake rubutun da shi ƙanena ne ya ba ni, irin wanda kowane madanni ke da nasa ɗan inji da sifirin a ƙarƙashi. Yana da daɗin bugawa, ba zan ɓoye ba. Ni dai ƙas-ƙas ɗinsa ba ta taɓa damuna ba.

Sai Hajiyarmu ta zo Legas ta yi mana wata guda, ɗakinta bango ɗaya da teburina. A mako na biyu ta ce, “Ke ’yar nan, samo mini ƙwayar barcin nan, idona ba ya rufuwa.” Na san irin su diazepam kan sa tsofaffi jiri da faɗuwa, jiki kuma ya saba da su, don haka na zauna ina mata tambayoyin da nake wa masu zuwa kanti. Shayi da dare? A’a. Yawan fitsari? A’a. Can ta kau da kai ta ce, “Akwai dai wani abu kamar ana fasa gyaɗa.” Kunya ce ta hana ta faɗa tun farko, wai kada ta hana ni neman abinci.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa’idojinta na 1999, ta ce ƙara a ɗakin barci kada ta wuce dasibal 30, wato kusan raɗa. Gare mu da janareton maƙwabta wannan mafarki ne, amma kunne kan saba da gunji mai ɗorewa fiye da ƙarar da ke zuwa tana yankewa.

Abin da na fara yi bai ci mini ko kwabo ba: na ninka tawul na sa a ƙarƙashin kibod ɗin, domin teburin katako ganga ne, shi ke ƙara amon. Na kuma janye teburin daga bangon. Daga nan na sayi ƙananan zobban roba da ake sa wa a ƙarƙashin kowane madanni don kada ya bugi ƙasa da ƙarfi. Sun rage, amma ƙas ɗin tana nan, saboda nawa masu shuɗin kai ne, an ƙera su ne musamman don su yi wannan ƙarar. Idan za ka saya, cire madanni ɗaya ka duba: masu jan kai ba su da ita. Kada kuma wani ya ce ka ɗiga man girki a ciki, ƙura zai tara ya danƙare.

Kafin in samu masu jan kan, na koma kan kibod ɗin laftof ɗina, ina rubutu bayan Asuba. Hajiya ba ta sake zancen ƙwaya ba har ta koma Kano, sai dai ta ce sauro ya yi mana yawa.