Iya Ruwa, Fid da Kai

Mu da muka tashi a gaɓar Kogin Wudil ba mu san ranar da muka koyi iyo ba, kamar yadda ba mu san ranar da muka koyi tafiya ba. Da an tashi daga makarantar allo sai mu yi gangare, mu tuɓe riguna, mu faɗa ruwa. Iyayenmu kuwa ba su gajiya da kafa mana dokoki: kada a shiga ruwa da tsakar rana ko bayan magariba, kada mutum ya shiga shi kaɗai, kada a doshi wurin da ruwa ya yi baƙi ya kwanta shiru, domin can ne gidan 'yan ruwa. A lokacin dariya muke yi, muna cewa camfi ne.

Wata ranar Alhamis, da rani, muka daina dariya. Babban gwaninmu, wanda yake ƙetare kogin ba tare da ya huta ba, ya yi nutso a inda muka saba tsayawa ruwa iya ƙirji. Ashe masu ɗiban yashi sun bar rami a wurin. Biyu daga cikinmu suka yunƙura za su bi shi, wani masunci ya daka musu tsawa, ya shiga da gorarsa. Sai bayan la'asar aka fito da gawar. Allah Ya jiƙansa.

Da girma ya zo muka fahimci cewa abin da muka kira camfi ilimi ne. Ruwan da ya yi baƙi zurfi gare shi, ƙasansa kuma da sanyin da kan ɗaure gaɓɓai. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ƙaruwar kogin ba ta jiran damina. Ana iya sako ruwa sama ba ko gajimare. Haka nan fitsarin jinin da muke ɗauka alamar balaga ne, ashe tsargiya ce, wadda ƙwayoyinta ke fitowa daga dodon koɗi su ratsa fatar mai wanka. Tana da magani a asibiti, amma in an ƙyale ta takan lalata mafitsara.

Ba muna cewa a ƙaurace wa kogi ba ne. Mu kanmu har gobe in mun je gida mukan shiga. Sai dai yanzu mukan fara gaida masuntan wurin mu tambaye su halin ruwan, mu gwada zurfi da sanda, ba ma yin alkafura a inda ba mu ga ƙasa ba. In wani ya nutse, a miƙa masa sanda ko igiya ko jarka, a yi kururuwa. Wanda ruwa ke ci yakan riƙe mai cetonsa su tafi tare.

Ɗalibanmu, hutu ya ƙarato, za ku koma garuruwanku. Ku ji maganar tsofaffi. Mu sai da muka rasa aboki muka ji ta.