Yinin da Muka Yi a Ƙarawiyyin da Baffa

Mu dai ziyara ce ta kai mu Fas, ba yawon buɗe ido ba. Baffa, wan mahaifina, ya yi shekaru yana tara kuɗi don ya je zawiyar Shehu Ahmad Tijjani, wanda ya rasu a birnin a 1815, ni kuma aka haɗa mu saboda riƙon jaka da ɗan guntun Larabcina. Da muka gama abin da ya kai mu, mai masaukinmu ya ce ai ba a zuwa Fas a koma ba a ga masallaci kuma jami'ar Ƙarawiyyin ba, ga ta nan kusa da zawiyar, tafiyar 'yan mintoci ce.

Mota ba ta shiga lungunan tsohon birnin. Alfadarai da jakuna ke dakon komai, daga tukunyar gas har buhun siminti, mai kora yana ta kiran "balak! balak!", kai kuwa sai ka manne da bango ka tattare babbar riga. Wanda ya saba da jami'a mai katanga da masu gadi zai wuce Ƙarawiyyin bai sani ba, domin kasuwa ta rufe ta ta kowane gefe: nan mai turare, can mai kyandir, gaba kaɗan dandalin Saffarin inda maƙeran tagulla ke bugun tukwane har kunne ya gaji. Sai kawai ka ga wata ƙofa a buɗe, da Turawa cirko-cirko suna leƙe da kyamara, don wanda ba Musulmi ba iyakarsa bakin ƙofa. Muka cire takalma muka wuce su. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Tsakar masallacin shimfiɗe take da ƙananan tayil masu launi, ruwan alwala na ɓuɓɓugowa a tsakiya, rufin kore shar. Daga nan bakunan gini farare suke jeruwa zuwa ciki har ido ya kasa ƙirga su. Mai masaukinmu ya ce wata mace ce ta aza harsashin wurin a 859, wato 245 bayan Hijira, Fatima al-Fihriyya, 'yar wani attajiri da ya yi ƙaura daga Ƙairawan ta Tunisiya, kuma da gadonta ta yi aikin. 'Yar'uwarta Maryam ita ma ta gina Masallacin Andalus a ƙetaren kogi. Baffa ya tsaya cak.

"Mace ka ce? Tambaye shi da kyau, ɗan nan."

"Mace, Baffa."

"To, ashe Nana Asma'u tana da yayye."

Ginin da muka gani ya ninka na Fatima nesa ba kusa ba, don sarakunan Murabiɗuna sun faɗaɗa shi tun daga 1135, har ya kai yana ɗaukar mutum wajen 20,000. Amma ni abin da ya zauna mini a rai kujerun malamai ne, na katako masu tudu, jingine da ginshiƙai. Malam ya hau, ɗalibai su kewaye shi a ƙasa, ɗaya ya ja baƙi, malam ya yi sharhi. Haka na tashi na ga ana yi a zauren gidanmu bayan Asuba, bambancin kawai shi ne malaminmu buzu yake hawa. Kuma littattafan ma ba baƙi ba ne. Ajurumiyyar da aka dake ni a kanta, marubucinta Ibn Ajurum mutumin Fas ne, a nan ya rasu a 1323. Ibn Ashir, wanda ɗaliban fiƙihu ke rera baitocinsa a Kano da Zariya da Damagaram, shi ma ɗan garin ne. Sunayen da na ɗauke su sunayen littattafai kawai, ga shi ina taka unguwarsu.

Mun leƙa makarantar Aɗɗarin da ke maƙwabtaka, wadda aka kammala a 1325 don kwanan ɗalibai. Ƙasanta ado ne kamar ba hannu ya yi ba, sassaƙar katako da rubutu a jikin farar ƙasa, amma ɗakunan sama ƙanana ne ƙwarai, da kyar mutum zai miƙe ƙafa. Ɗakin karatun da Sarki Abu Inan ya kafa a 1349, inda kwafin tarihin da Ibn Khaldun ya bayar waƙafi yake ajiye, daga waje muka gan shi.

Har gobe ana musu a kan ko Ƙarawiyyin ce jami'a mafi tsufa a duniya. Kundin Guinness ya ba ta wannan matsayi. Wasu masana tarihin Turai suna cewa masallaci ne da makarantu, jami'a ta ainihi sai Bolonya ta Italiya a 1088, Ƙarawiyyin kuwa sai 1963 ta shiga tsarin jami'o'in gwamnatin Maroko. Ni musun bai taɓa ɗaga mini hankali ba. Wurin da aka yi fiye da shekara dubu ana karantar da nahawu da fiƙihu da lissafin taurari ba ya jiran wani ya raɗa masa suna.

Magariba ta same mu a ciki. Bayan sallama mutane suka yi da'ira suka fara karatun izu da murya ɗaya, kamar yadda ake yi a masallatan Maroko kullum. Warshu ce, ƙira'ar da Baffa ya haddace tun yana gardi. Bai nemi izinin kowa ba, ya gyara zama ya shiga, muryarsa ta ɗan fi ta kowa kauri. Wani dattijo ya miƙo masa Alƙur'ani, ya buɗe ya ga fa'un da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, irin rubutun allonmu sak. Ya mayar masa, ya nuna ƙirjinsa, ya ci gaba da ka.

Baffa ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa. Har ƙarshen rayuwarsa in aka taɓo hirar Fas a majalisa, zawiya yake fara ambata, sannan masallacin da mace ta gina, sannan ya ɗauki rabin sa'a yana ƙorafin butar shayin da ya saya a Saffarin, wadda ya rantse ni na hana shi tayawa yadda ya kamata.