Makullin mota na hannu: yadda araha ta cinye mini kuɗin adashe

Kafin ki ci gaba da karatu, makullin motar gidanku guda nawa ne? Idan ɗaya ne tak, to da ke nake. Ni ma haka na zauna fiye da shekara, hankalina kwance, sai da wani dare ya koya mini hankali.

Motarmu Nissan Leaf ce ƙirar 2015, mai aiki da lantarki zalla, ba ta shan mai ko ɗigo. Ta hannu ce, daga Amurka aka shigo da ita. Mun saye ta ne bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Da yake muna da sola a gida, Abban yara ya sayar da tsohuwar motar, muka cika kuɗi muka ɗauko wannan. Ba ta doguwar tafiya, amma makaranta da kasuwa da asibiti a cikin Kano duk tana kai ni. Asibitin kuwa shi ne babba, domin ɗana na biyu yana da sikila. Duk uwar da ke rainon mai sikila ta san ciwon ba ya sallama idan zai zo, kuma a gidanmu ya fi tashi da tsakar dare, musamman lokacin sanyi.

Makullin ba irin wanda ake zurawa a murɗa ba ne. Ɗan rimot ne baƙi mai siffar ƙwai, da maɓallai huɗu: na kullewa, na buɗewa, na buɗe murfin caji da ke hancin motar, sai ja na ƙararrawa. Yana cikin jakarki za ki taka birki, ki danna maɓallin kunnawa, mota ta tashi. Ranar ciniki dillalin ya ce ɗaya ne ya zo da ita. Muka ce ba komai.

Wata Asabar cikin hunturu, Abbansu ya yi tafiya, autana mai shekara biyu ya ɗauki makullin daga kan tebur ya jefa cikin bokitin da na jiƙa kayan makaranta. Sai da na zo wanki na tsamo shi. Na cire batirin, na goge, na ajiye ya bushe, na ce gobe na duba. Wajen ƙarfe ɗaya na dare yaron ya farka yana kuka, ƙafafunsa sun riƙe. Na mayar da batir, na danna, shiru. Ga mota a tsakar gida a kulle, ga caji cike, ga yaro yana murƙususu, kuma a wannan lokacin ina za ki samu adaidaita sahu?

Ƙanena na kira hannuna yana rawa. Shi ya ce: "Yaya, juya bayan rimot ɗin, akwai ɗan abin turawa, zaro ƙarfen da ke ciki." Ashe akwai ɗan siririn makulli a ɓoye, wanda ke buɗe ƙofar direba. Da na shiga sai ya ce in taka birki, in manna rimot ɗin a jikin maɓallin kunnawa, sannan in danna. Allah cikin ikonsa fitilun suka kama. Ki riƙe wannan dabarar: an ƙera motar ne yadda za ta iya gane makullinta daga kusa ko da batirinsa ya mutu. Mun kwana biyu a asibiti, yaron ya samu sauƙi, makullin ma da ya gama bushewa ya dawo aiki. Amma ni na daina yarda da shi.

Daga nan na fara neman na biyu. Da na ji kuɗin sabo, sai na koma intanet a wayata. Na ci karo da wani mai talla ya saka hoton makulli na hannu, sak irin nawa, a kan Naira dubu 35. Na tura masa hoton nawa na tambaye shi ko zai yi. Ya ce: "Hajiya, ai duk Nissan ɗaya ne, seti kawai za a yi miki." Satin na ɗauki adashe. Ban gaya wa Abbansu ba, wai ina so in ba shi mamaki, ya ga ni ma na iya. Na tura kuɗi, bayan kwana huɗu saƙo ya iso tasha.

Na kai shi wajen wani dattijo mai setin makullan mota a wajajen Ƙofar Ruwa. Ko motar bai taɓa ba. Ya ajiye makullan biyu a tafin hannunsa ya ce: "Hajiya, duba maɓalli na uku." Nawa hoton caji ne a jiki. Wanda na sayo hoton but ne. A ƙaramin hoton waya ban lura ba. Sannan ya ɗauko wata 'yar na'ura, ya danna nawa a gabanta ta nuna 315, ya danna ɗayan ta nuna 433. Ya ce: "Wannan na wata motar ce mai shan mai. Ko kwana zan yi a kai ba zai shiga ba."

Ga yadda na fahimci bayaninsa. Makulli da mota magana suke yi ta iska, kamar rediyo, kuma kowanne da zangon da yake kamawa. Motoci da yawa da aka yi don kasuwar Amurka suna kan megahaz 315, na Turai kuma galibi 433, amma a Amurkan ma akwai masu 433. Saboda haka sanin ƙasar da mota ta fito kaɗai bai isa ba. Kamfani ɗaya yakan yi wa motoci daban-daban ƙoƙon makulli iri ɗaya, alhali abin da ke ciki ya bambanta. Kama da wane ba ta wane.

Ya ƙara da abin da ya fi ba ni mamaki. Ko da lamba ta dace, makullin hannu ya riga ya san wata motar. Akwai 'yar ƙwaƙwalwa a cikinsa da ke riƙe motar farko da aka haɗa shi da ita. Ya yi dariya ya ce: "Kamar aure ne, Hajiya. Sai an warware igiyar farko kafin a ɗaura wata." Masu sana'ar suna da na'urar da ke wanke irin wannan ƙwaƙwalwar ta koma kamar sabuwa, amma ba kowane makulli ke wankuwa ba, kuma ba kowa ke da na'urar ba.

Na kira mai tallan, ya ce kaya sun fita ba sa dawowa. Kira na uku bai ɗauka ba. Kwana uku ina juya maganar a raina kafin na gaya wa Abbansu, kuma wallahi kunyar ɓoyewar ta fi mini asarar kuɗin ciwo. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Allah ya mayar da alheri. Ni ma da laifina, tun ranar da muka sayi motar ya kamata in yi na biyu." Da na yi shawara da shi tun farko, wataƙila ido biyu sun ga abin da ido ɗaya bai gani ba.

Karo na biyu tare muka koma, kuma ga abin da muka yi, wanda nake so ki yi idan taki ta taso.

Da farko ki karanta rubutun da ke jikin makullinki, a bayansa ko a ciki idan kin zare ɗan ƙarfen. Makullan motocin Amurka suna ɗauke da lambar da aka rubuta FCC ID a gabanta. Ki ɗauki hotonta. Sannan ki kwafi lambar shasi, haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, domin da ita ake gano ainihin lambar kayan da ya dace da motarki. Duk mai sayarwar da ya ƙi turo miki hoton rubutun jikin nasa makullin, ki rabu da shi.

Na biyu, ki fara samun mai seti kafin ki sayi makulli, ba ki saya sannan ki shiga nemansa ba. Ki tambaye shi ko ya taɓa yin irin motarki, kuma ko yana karɓar na hannu. Mu dattijon ne ya nemo mana wanda aka riga aka wanke, bisa sharaɗin sai ya yi aiki za mu biya. Ya fi na intanet tsada, amma bai kai sabo ba.

Na uku, ranar seti ki je da motar da duk makullan da kike da su. Yana jona na'urarsa ne a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari, kuma a irin motarmu setin yana goge duk makullan da ta sani, sannan a sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka bari a gida ya daina aiki ke nan sai an dawo da shi. Wannan ma alheri ne, domin idan ɗayan makullin da aka ce bai zo ba yana hannun wani, daga ranar ba zai tayar da motar ba. Motar tana karɓar har guda huɗu. Ki tafi da takardun mota. Da ya nemi ganin namu ban ji haushi ba, sai ma na ƙara yarda da shi, don wanda zai yi wa kowa makulli ba tambaya zai yi wa ɓarawo ma.

Na huɗu, kada ki manta da ɗan ƙarfen ciki. Na makullin hannu an yanka shi ne don ƙofar wata motar, sai an sa sabo an yanka daidai da taki. Shi ne ya cece ni a daren nan.

Na biyar, ki gwada komai kafin ki biya. Na ba Abbansu tsohon makullin ya yi nisa da shi har bakin titi, sannan na kulle, na buɗe, na buɗe murfin caji, na kunna motar da sabon kaɗai. Idan tsohon yana cikin jakarki, mota za ta tashi ki ɗauka sabon ne ya yi aiki. Daga nan muka sake gwada tsohon shi ma shi kaɗai.

Akwai abu ɗaya da ya shafe mu iyaye ko da ba mu da mota. Batirin irin wannan rimot ɗan fale-fale ne kamar kwabo, namu CR2025 ne. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona wurin cikin awa biyu. Kada ki bar sabo ko tsoho inda hannun yaro zai kai, kuma idan kina zargin ya haɗiye, asibiti kai tsaye, ba jira.

Yanzu makullanmu biyu. Ɗaya yana rataye a ƙusa can sama inda Auta ba ya kaiwa ko ya taka kujera. Ɗayan yana cikin akwatin takardu a ɗaka, ba a cikin mota ba, don wanda aka bari a mota kyauta ce ga duk wanda ya buɗe ƙofa. Na dubu 35 ɗin kuwa, na cire batirinsa na liƙe shi da gam na ba Auta. Kullum yana bin kujerun falo yana danna musu, yana jiran su yi ƙara.

Idan makullinku ɗaya ne, ki tayar da maganar yau da daddare bayan an ci abinci, tun wanda ke hannu yana aiki. Yin na biyu alhali na farko yana nan ya fi sauƙi da araha nesa ba kusa ba a kan ranar da babu ko ɗaya, ranar da sai an jawo motar ko an ɗauko mai seti har gida. Wadda ta taɓa shiga irin wannan kuma ta ba mu labari, mu ƙaru da juna. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuri'a.